Daga Tokar Petit Marché Zuwa Ɗakin Saba: Tarihin Ajiya Da Darasinsa

Duk wanda ya san Yamai kafin 2012 ya san Petit Marché, kasuwar da Zabarmawa ke kira Habu Ganda, wato kasuwar ƙasa, domin a bambanta ta da Habu Bene, babbar kasuwar da ke can sama. Tana tsakiyar gari, 'yar tafiya kaɗan daga gidan tarihi na ƙasa mai ɗauke da sunan Bubu Hama. Nan ake zuwa cefane: tumatir, salak, kayan yaji, nama, da kifin kogin Isa. A shekarar 2012 gobara ta cinye ta, kuma ba ta sake komawa yadda take ba. Sunan ne ya rage a bakin masu taksi.

Idan kasuwa ta ƙone, abin da ake fara lissafawa shi ne kaya da kuɗi. Amma kowane ɗan kasuwa ya san akwai wata asara da ba ta fitowa a labarai, ita ce ta littafin bashi, wanda mutanen Nijar ke ce wa kaye. A ciki aka rubuta wanda ya ɗauki buhu biyu, da wanda ya biya rabi, da wanda ya ce sai ƙarshen wata. Buhun shinkafa idan ya ƙone ana iya sayo wani. Littafin nan kuwa guda ɗaya ne a duniya, kuma galibi a cikin shago yake kwana, tare da kayan da yake lissafi a kansu.

Wannan ba shi ne karon farko da wuta ta yi wa Yamai haka ba. Babbar kasuwa ta ƙone a 1982, zamanin Seyni Kountché, sai a 1987 aka buɗe sabon gininta, kuma ta sake kamawa a 2009. A watan Janairun 2012, wato shekarar gobarar Petit Marché, wuta ta tashi a ma'aikatar shari'a ta ƙasa, ta lashe ofisoshi da tarin takardu.

Me ya kawo wannan magana gaban malamai da iyaye? Dalili shi ne littafin bashinmu na yau ya koma cikin na'ura. Rajistar ɗalibai da makinsu suna cikin kwamfutar shugaban makaranta. Hoton takardar haihuwar yaro yana cikin wayar uwarsa. Sakamakon manyan jarrabawa, ko BEPC da BAC a Nijar, ko WAEC da NECO da JAMB a Najeriya, yana zaune a kan wasu manyan kwamfutoci da ake kira saba, waɗanda aikinsu shi ne su riƙe bayanai su miƙa wa duk na'urar da ta nema. Da yawanmu mun ɗauka abin da ya shiga na'ura ya tsira. Tarihin ajiyar bayanai bai yarda da wannan zato ba.

Gafaka da kalmar ƙasan shafi

Kafin mu shiga na'ura, bari mu leƙa abin da kakanninmu suka sani. A Yamai ɗin nan, a cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni, akwai rubutattun littattafai na Larabci da ajami kusan 4,000. Tushen tarin shi ne abin da Bubu Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokokin Nijar har zuwa 1974, ya sa aka tattaro daga garuruwa daban-daban.

Wanda ya taɓa riƙe irin waɗannan littattafai ya san ba a ɗinke su. Warƙoƙi ne a sake, a tsakanin kwali biyu, a ɗaure da igiyar fata a sa a gafaka. To idan iska ta watsa su fa? Marubuta sun yi wa wannan dabara: a ƙasan shafi sukan rubuta kalmar da shafi na gaba zai fara da ita. Da wannan kalma guda ake bin sawu har a mayar da littafi daidai.

Dabara ta biyu ita ce kwafa. Littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da na Abdullahi da Muhammadu Bello da waƙoƙin Nana Asma'u ba don takardar da aka fara rubuta su a kai ta fi ƙarfin gara suka iso gare mu ba. Almajirai ne suka yi ta kwafa suna tafiya da su, wani Katsina, wani Agadas, wani Adamawa. Ta uku kuma muƙabala: idan an gama kwafa, sai a zauna wani na karanta asali wani na bin sabon, a gyara kuskure. Mai karatu ya riƙe waɗannan ukun, domin za mu sake haɗuwa da su a cikin kwamfuta.

Faifai mai nauyin tan guda

A 1956 kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfuta ta farko mai faifan ajiya na maganaɗisu, mai suna RAMAC. Faya-fayai 50 ne a jere, kowanne faɗinsa inci 24, na'urar kuma nauyinta ya kai kusan tan guda. Abin da take iya ɗauka haruffa miliyan 5 ne, wato kusan hoto ɗaya ko biyu na wayar zamani. Daga nan aka yi ta ƙanƙancewa. Faifan fulofi ya zo a 1971, ƙaraminsa da aka saba gani a ofisoshi a shekarun 1990 yana ɗaukar megabayit 1.44. Wani injiniyan Toshiba a Japan, Fujio Masuoka, ya ƙirƙiro ajiyar filash a shekarun 1980, wadda ba ta da abin da ke juyawa a ciki. Ita ce ta haifi filash ɗin da malamai ke ratayawa a wuya, da memorin waya mai girman farce da ya fito a 2005, wanda ake sayarwa a kan tebura a kasuwannin Yamai da Maraɗi da Kano.

Sai dai faifai shi kaɗai fili ne kawai, kamar kasuwar da aka yanka rumfuna dubbai iri ɗaya ba suna ba lamba. Kwamfuta takan yanka faifai gida-gida, ta kuma yanka kowane fayil gunduwa-gunduwa ta zuba a duk gidan da ta samu babu kowa. Dole a sami littafin da zai ce fayil kaza ya fara a gida kaza, ya ci gaba a gida kaza. Wannan littafi da ƙa'idojin rubuta shi su ake kira tsarin fayil.

Ɗaya daga cikin tsofaffin tsare-tsaren shi ne FAT, wanda Marc McDonald ya tsara a kamfanin Microsoft a 1977. Yadda yake aiki zai ba almajiri dariya: kowane gida yana da layi a cikin jadawali, a layin kuma an rubuta lambar gidan da ke biye da shi, har a kai ƙarshen fayil. Kalmar ƙasan shafi ce ta dawo da sabon suna. Kuma saboda an san idan jadawalin ya lalace an shiga uku, tsarin yakan ajiye shi kwafi biyu. Jikansa FAT32, na 1996, shi ne har yau a kan filash da memori masu yawa. Shi ya sa za ka ga filash da sauran wuri amma ya ƙi karɓar fim guda mai girma: a wannan tsari fayil ɗaya ba ya wuce gigabayit 4.

Su kuwa saba, yawancinsu gadon wani gida suka ci. A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina Unix a cibiyar Bell ta Amurka. A tsarinsu kowane fayil yana da katin shaida da ake kira inod, mai ɗauke da girmansa, da mai shi, da wanda aka yarda ya buɗe shi, da gidajen da yake zaune. Linux, wanda ke tafiyar da mafi yawan sabobin intanet a yau, ya bi wannan hanya. Wani Bafaranshe, Rémy Card, shi ya rubuta masa tsarin ext a 1992 da ext2 a 1993, daga baya aka sami ext3 a 2001 da ext4 a 2008.

Sanin cewa kaya daban littafi daban yana warware abubuwa da dama da ke ɗaure wa mutane kai. Idan ka goge fayil, yawanci layinsa kawai aka soke a littafi, aka ce gidajensa sun zama babu kowa. Kayan suna nan har sai an zuba wasu a kansu. Don haka wanda ya goge abu bisa kuskure, ko aka yi wa memorinsa fomat, abu na farko shi ne ya daina sa komai a ciki, ya cire shi ya nemi wanda ya iya. Haka kuma mai kula da saba yakan tarar na'ura na kukan ba wuri alhali faifai bai cika ba: ƙananan fayiloli ne suka yi yawa har katunan inod suka ƙare. Rumfuna na nan, littafin rajista ne ya cika.

Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu

Ajiye fayil guda aiki ne mai matakai: a zuba kaya, a rubuta a jadawali, a gyara lissafin gidajen da suka rage. Idan wuta ta ɗauke tsakanin mataki da mataki, sai littafi ya saɓa da abin da ke ƙasa. Masu Unix suka yi wata manhaja mai suna fsck, wadda ke bin faifai kaf tana gwada littafi da kaya. Abin da ta tsinta ba suna sai ta zuba shi a wata folda mai suna lost+found, kamar dai kayan tsintuwa da ake kai wa sarkin kasuwa a yi cigiya. Da faya-fayai suka girma, wannan bincike ya koma cin sa'o'i, saba na tsaye jama'a na jira.

Maganin da aka samo shi ma ɗan kasuwa ya san shi. Kafin a taɓa babban littafi, sai a fara rubuta niyya a ƙaramin kundi: zan yi kaza da kaza. Idan an gama a soke. Idan wuta ta yanke, da an kunna sai a duba ƙaramin kundin kawai, a ƙarasa abin da aka fara ko a warware shi. NTFS na Windows, wanda ya fito a 1993, da ext3 da ext4 duk suna da wannan kundi. FAT ba shi da shi. Wannan ne dalilin da ya sa fizge filash ana cikin kwafa ke lalata shi, ya dawo yana neman a yi masa fomat.

A wajenmu wannan magana ba tatsuniya ba ce. Nijar ta daɗe tana samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga Najeriya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke layin a farkon Agusta, ba a mayar ba sai a Maris na 2024. Duk na'urar da ke aiki a Yamai a waɗancan watanni ta sha ɗaukewar wuta ba adadi. Ƙara da zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke toshe fankar na'ura, da ambaliya irin ta 2020. Injiniyoyin da suka ƙera waɗannan kaya ba da yanayin Sahel suka auna su ba.

Faifai na mutuwa, hannu na kuskure

Shi kansa faifai yana da ajali. A 2007 injiniyoyin Google suka wallafa binciken da suka yi a kan faya-fayai fiye da 100,000. Daga cikin abin da suka gano: fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alamar ciwo ba kafin su tsaya. Tun kafin nan, a 1988, masana uku a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, wato David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, sun bayyana dabarar da aka sani da RAID: a haɗa faya-fayai da yawa su yi aiki tare, ta yadda idan ɗaya ya mutu sauran za su iya sake gina abin da ke kansa. Sannan a 2005 kamfanin Sun ya saki tsarin ZFS, wanda ke ajiye wa kowace gunduwa wata lambar tantancewa, yana kuma bi lokaci-lokaci yana gwadawa ko wani abu ya canza a ɓoye. Muƙabala ke nan, na'ura ce kawai ke yi.

Amma RAID maganin mutuwar faifai ne kaɗai. Idan ka goge fayil, a take zai goge a dukkan faya-fayan. Idan ɗakin ya ƙone, tare za su ƙone. Labarai biyu sun isa misali.

A ranar 31 ga Janairun 2017, wani ma'aikacin kamfanin GitLab, wanda masu rubuta manhaja a duniya ke ajiye aikinsu a wajensa, yana gyara cikin dare ya goge bayanai a kan sabar da ba ita ya nufa ba. Kafin ya ankara kusan gigabayit 300 sun tafi. Kamfanin yana da hanyoyi biyar na ajiyar kariya. Da aka je ɗaukowa, sai aka tarar babu wadda ke aiki yadda aka zata. Wata ma ta daɗe tana fitar da fayil fanko ba wanda ya lura. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka sa'o'i shida kafin nan. Aikin waɗannan sa'o'i shida ya tafi ke nan.

Na biyu, a daren 10 ga Maris na 2021 gobara ta tashi a cibiyar sabobin kamfanin OVH da ke Strasbourg a Faransa. Gini guda ya ƙone ƙurmus, wani ya taɓu, shafukan intanet miliyoyi suka ɗauke. Wasu abokan cinikin sun biya kuɗin ajiyar kariya, sai ga shi kwafin nasu a wuri guda yake da asalin. Maganar har ta kai kotu, aka yanke wa wasunsu diyya, amma diyya ba ta dawo da fayil. Littafin bashi ne ya kwana a shago, sai dai wannan karon shagon a Turai yake. Wanda ke cewa ya ajiye abinsa a intanet ya sani cewa kwamfutar wani ce a wani gini, kuma gini yana ƙonewa.

A gwada wannan da abin da ya faru a Tumbuktu. A Janairun 2013 'yan bindiga suka ƙona littattafai kusan 4,000 a cibiyar Ahmed Baba. Amma mafi yawan dukiyar garin ta tsira, saboda tana warwatse a gidajen iyalai, kuma Abdel Kader Haidara da abokan aikinsa sun riga sun kwashe dubban ɗaruruwa a akwatunan ƙarfe zuwa Bamako, wasu a mota wasu a kwale-kwale.

Abin da ya rage gare mu

Na taɓa koyarwa a wata makaranta inda makin zango biyu na ɗalibai duka yake cikin kwamfuta guda a ofis. Wata safiya ta ƙi tashi. Muka ce ai akwai filash. Da aka sa shi, sai ga foldoji sun koma gajerun hanyoyi marasa buɗuwa, ya kwaso cuta a shagon buga takardu. Abin da ya fitar da mu kunya shi ne wani dattijon malami da muke yi wa tsiya saboda ya ƙi rabuwa da littafin makinsa na takarda. Ajinsa kaɗai aka gama a rana guda. Sauranmu mako biyu muka yi muna bin takardun jarrabawa ɗaya bayan ɗaya, iyaye na zuwa suna komawa.

Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida da wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yayata, ana ce mata 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Ba sai makaranta ta mallaki saba za ta yi aiki da ita ba. Kwafi na kan kwamfutar ofis, na biyu a faifan waje da ake haɗawa ranar da aka tsayar a kowane mako sannan a cire, na uku a gidan shugaban makaranta ko a intanet. Rajistar takarda ita ma ta ci gaba, domin ba ta jin ɗaukewar wuta. Kuma a ɗora aikin a wuyan mutum guda da aka sani da suna, da mataimakinsa, don abin da aka bar wa kowa ba mai yin sa.

Darasin GitLab kuma kada a manta da shi: a ƙarshen kowane zango a ɗauko kwafin, a sa a wata kwamfuta, a buɗe fayiloli a gani da ido. Idan da hali a sayi batirin da ke riƙe kwamfuta 'yan mintoci bayan an ɗauke wuta, don a samu a kashe ta cikin tsari. A kula da memorin jabu, wanda aka rubuta masa gigabayit 64 alhali cikinsa bai kai haka ba; yakan karɓi kaya ba musu, yana taka na farko da na baya, sai ranar buƙata a ga hotuna ba sa buɗuwa. Idan faifai ya fara ƙara ko na'ura ta fara nauyi wajen buɗe fayil, a kwashe abin da ke ciki tukuna kafin a fara neman gyara.

Iyaye kuma, takardar haihuwa, katin rigakafi, sakamakon jarrabawa da takardar fili su ne littafin bashin gida. A ɗauke su hoto mai kyau, a yi fotokwafi, a ajiye wani kwafin wajen ɗan'uwa amintacce a wata unguwa ko wani gari. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, yaro na iya goge komai da yatsa guda. Yana da kyau a zaunar da yara a nuna musu yadda ake yi, su ma su saba da sa wa fayil suna da kwanan wata maimakon barin sa da lambobin da waya ta ba shi.

Daga RAMAC na 1956 zuwa memorin da ke cikin wayarka, ma'aji ya ƙanƙance ya kuma ninka abin da yake ɗauka sau dubbai, amma ba a taɓa ƙera wanda ba ya lalacewa ba. Abin da ya tsira a duk tsawon wannan tarihi shi ne abin da aka kwafa, aka raba wurare, aka kuma riƙa dubawa. Malaman da suka cika gafakokin da ke IRSH sun san haka, 'yan kasuwar Petit Marché kuma sun koye shi da tsada a 2012. Allah Ya tsare mu da gobara da asara, Ya kuma ba mu ikon ɗaure raƙuminmu kafin mu yi tawakkali.